Mako Kwana Bakwai Ne: Jawabi Kan Tsara Lokaci Ga Mazaunin Ikko

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu 'yan gwari na kasuwar Mile 12 ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, don amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

 

Ranar da Malam Sakatare ya same ni a rumfa ya ce ni zan yi magana a kan yadda mutum zai tsara makonsa, sai da na yi dariya. Na ce masa, Malam, ni fa ɗan gwari ne, karatuna bai wuce na Islamiyya ba, ga 'yan boko nan birjik a ƙungiya. Ya ce ai shi ya sa, wanda ya sha wuyar abin muke so. To, wuya kam na sha ta. Saboda haka abin da zan faɗa ba daga littafi na ɗauko ba, a jikina na gani. In kuma maganata ta taɓa wani, ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na zo garin nan a 1988, a saman motar albasa, ina yaron wani Alhaji, Allah ya jiƙansa. Ina nan aka buɗe doguwar gadar nan ta uku da ke shiga tsibirin Ikko a 1990. Ina nan aka mai da hedikwatar ƙasa Abuja a 1991, muka yi ta murna za a samu sauƙin gosulo. Gwamnati ta tafi, gosulo ya ce yana nan daram. Shekara da shekaru rayuwata iri ɗaya ce: in fita kafin asuba, in yi salla a masallacin kasuwa, ba na komawa gida sai bayan lisha. Yara suna barci in fita, suna barci in dawo. A ganina ni ne gwanin nema.

A 2016 abu biyu suka same ni cikin wata guda. Na farko, bayan an idar da sallar Juma'a malamin Islamiyyar yarana ya riƙe hannuna ya ce, Alhaji, ashe an mai da yaron nan gida Arewa ba ka sanar da mu ba? Na ce wane yaro? Ashe babban ɗana, yana da shekara 13 a lokacin, wata uku ke nan bai taka makarantar ba. Kullum ya ɗauki jakarsa ya fita, sai tashar mota, yana bin 'yan kwandasta. Gida ɗaya muke kwana, kuɗin makaranta ban taɓa fashin biya ba, amma sai a bakin masallaci na ji labarin ɗana. Na biyu, bayan mako biyu ina tsaye ana sauke kwandunan tumatir jiri ya ɗebe ni, sai farkawa na yi a asibiti. Aka ce hawan jini. Likita ya tambaye ni awa nawa nake barci, na ce kamar huɗu. Ya girgiza kai kawai.

A kan gadon asibitin nan na nemi takarda da biro na rubuta tsarin sabuwar rayuwa. Ku saurara ku ji. Ƙarfe uku na dare in tashi nafila. In karanta izu biyu kullum. In kai yara makaranta da kaina. In je kasuwa. In yi tafiyar ƙafa ta motsa jini. In ziyarci ɗan'uwa ɗaya kowace rana. In zauna darasi kowane dare. Takarda ta yi kyau, har na manna ta a bango. Kwana uku na yi ina bi. Rana ta huɗu motar kayana ta lalace a Mokwa, ba ta iso ba sai ƙarfe biyu na daren washegari, tumatir ya fara ruwa. Daga nan ban ƙara duban bangon ba. Sai na shiga zargin kaina, ina cewa ni ba ni da himma. Daga baya na gane ba himma ce ta yi ƙaranci ba. Takardar ce na rubuta wa wani mutum da ba ni ba, mutumin da ba shi da mota a hanya, ba ya gajiya, ba a yi masa rasuwa. Tsarin da ba ya ɗaukar lalacewar mota ɗaya ba tsari ba ne, buri ne.

Saboda haka abu na farko, jama'a, shi ne lissafi. Mu 'yan kasuwa ne, ba wanda zai sari kaya bai san abin da ke aljihunsa ba. Mako kwana bakwai ne, awa 168 ke nan, na Sarki da na ɗan dako duk ɗaya. Mu cire barci, awa bakwai kowane dare, 49 ke nan, saura 119. Salloli biyar da alwala da zuwa masallaci, a haɗa da Juma'a, mu ce awa 12, saura 107. Cin abinci da wanka da sauran bukatun jiki, awa 11, saura 96. Hanya, zuwa da dawowa, awa biyu a rana kwana shida, 12 ke nan, saura 84, kuma wanda ke tasowa daga Agege ko Alaba Rago ya san na rage masa. Zaman kasuwa awa goma a rana kwana shida, 60, saura 24. To, awa 24 ɗin nan ita ce dukiyarka ta mako gaba ɗaya, ba ta kai awa uku da rabi a rana ba. A cikinta iyali suke, da karatu, da zumunci, da suna da biki da jana'iza, da taron ƙungiya, da hira. Duk wanda ya zuba wa awa 24 aikin awa 50, ya yi lodin da ya fi ƙarfin mota, kuma mun san yadda irin wannan mota take ƙarewa a hawan Jebba.

Kafin ka tsara komai, ka yi mako guda kana rubuta abin da kake yi da gaske, ba abin da kake so a ce kana yi ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa. Ni da na yi, na tarar awa biyu nake yi kullum a teburin mai shayi bayan an tashi kasuwa, ina cewa jiran gosulo ya ragu nake yi. Samarinmu kuwa su duba waya. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001 ta sauƙaƙa mana ciniki ƙwarai, yau daga rumfa kake jin farashin Kwanar Gafan ko na Aliero. Amma ita ce kuma take cinye dare a WhatsApp da TikTok. A ƙara da gidan ƙwallo Asabar da Lahadi, da daren Talata da Laraba in ana gasar Turai. Ban ce haramun ba ne, ba ni da wannan ilmin. Cewa na yi a sa shi a lissafi, a ga nawa ya ci daga cikin 24 ɗin nan.

Abu na biyu shi ne kafa turaku. Ba a ɗaure dabba sai an kafa turke. Akwai abubuwan da ba kai ke sa musu lokaci ba, su za ka fara rubutawa, sauran su zagaya su. Babban turke shi ne salla. A nan Ikko mun yi sa'a, lokutan ba sa motsawa da yawa duk shekara: asuba tsakanin biyar da shida, magariba daga wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintuna. Rana ta rabu gida biyar tun kafin ka ɗauki biro. Ni yanzu ba na cewa zan yi abu kaza da ƙarfe kaza, sai in ce tsakanin azahar da la'asar, ko bayan magariba. Ya fi zama a kai, kuma ya fi wuyar ɓacewa.

A nan ne namu ya bambanta da na 'yan'uwanmu da ke gida. Mu mazauna Kurmi a tsakanin mako huɗu muke zaune, kowane da ranar hutunsa. Akwai makonmu na Musulmi, wanda Juma'a ce babbar ranarsa, kuma Suratul Jumu'a ta umarce mu da barin ciniki in an yi kira. Akwai makon gwamnati, wanda banki da ofis da makarantar boko ke rufewa Asabar da Lahadi, Juma'a kuwa a nan ranar aiki ce cur. A cikinsa ne kuma ake da sharar kasuwa ta ranar Alhamis, ba a buɗe ciniki sai ƙarfe goma. Akwai makon kasuwannin Arewa inda kayanmu ke fitowa: Potiskum Laraba, Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a, Illela Lahadi. Saniyar da aka saya a Maigatari ko Wudil ba za ta iso Oko-Oba ba sai ƙarshen mako ko farkon na gaba, don haka ɗan shanu ba shi da Lahadin hutu irin ta ma'aikaci. Sannan akwai makon masu masaukinmu. Kasuwannin ƙauyukan Yarabawa da dama ba ruwansu da Lahadi ko Litinin, bayan kwana huɗu-huɗu suke ci, su a ƙirgensu su ce biyar don suna haɗawa da ranar da aka ci. In ta ci Litinin, ta gaba Juma'a ce, ta gaba kuma Talata. Wanda yake kai kaya irin waɗannan kasuwanni, dole kowane mako ya sake ƙirgawa. Kowa ya duba wanne daga cikin huɗun nan ne ke jan sana'arsa, ya rubuta ranakunsa tun farko.

Abu na uku, hanya. A gida mutum yakan ce bari in leƙa wane in dawo. A Ikko babu leƙawa. Daga Mile 12 zuwa Idi-Araba ko Obalende tafiya ce, ba leƙe ba. Dogayen motocin BRT da aka fara a 2008 daga nan Mile 12 zuwa CMS sun rage wuya, haka jirgin ƙasan da aka buɗe a 2024 wanda ke bi ta Agege. Amma tun da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da cikin tsibiri a 2022, kuma kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a 2023, kowace fita sai da shiri. Dokata ita ce, duk lokacin da na ƙiyasta wa hanya sai in ninka shi. Da damina kuwa, musamman watan Yuni da Yuli, in hadari ya haɗu na san rabin yini ya tafi. Sannan ina haɗa bukatu bisa ga shiyya. In zan je Agege, ranar nan zan gai da mara lafiyar da ke can, in karɓi bashin da ke can, in yi ta'aziyyar da ke can. Fita ɗaya, bukata uku.

Abu na huɗu, kada ka sa wa rana babban aiki fiye da ɗaya bayan kasuwa. Taura biyu ba ta taunuwa. In yau ranar banki ce, to ta banki ce. In ranar asibiti ce, kada ka yi wa kowa alkawarin ƙarfe sha ɗaya, don ba ka san layin da za ka tarar ba. Sauri shi ke haifar da nawa.

Abu na biyar, wanda shi ne takardata ta farko ta rasa: ka bar fili. Mai lodin kirki ba ya cika mota har baki. A cikin awa 24 ɗin nan, ni shida nake bari ba na rubuta musu komai. Me ya sa? Saboda mu ba a yi mana sanarwar jana'iza da mako guda. Ɗan'uwa ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi, kuma a baƙon wuri in mu ba mu je ba, wa zai je? Ga baƙo daga gida da zai sauka ba sallama, ga yaron unguwa da aka kama sai an je beli, ga mota da za ta kwana a hanya. Waɗannan ba su ne ke ɓata tsari ba, su ne rayuwar tamu. In makon ya wuce lafiya ba abin da ya faru, filin ya zama riba, sai ka huta.

Abu na shida, haƙƙin jiki da na iyali. Malamai suna nan, su gyara mini in na yi kuskure. An ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i, ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya bar kula da iyalinsa. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na jiki akwai na iyali, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. To, in an ja hankalin wanda ibada ta ɗauke, ina ga wanda tumatir ya ɗauke? Ina kira musamman ga 'yan'uwanmu masu gadi da dare, da rana kuma su buɗe tireda ko su tura kurar ruwa. Na san talauci ne ya sa, amma jiki ba ya yafe bashin barci, da riba yake karɓa. Ni an karɓa a wurina, har yau ina shan magani kullum.

Haka kuma kada maigida ya zauna shi kaɗai ya tsara mako. Uwargida tana da nata: ranar awo, ranar rigakafin yara, makarantar matan aure, sana'arta ta cikin gida. Ta fi ka sanin ranar da ake neman iyaye a makaranta. Da na tambayi tawa tun farko, da ban ji labarin ɗana a bakin masallaci ba. Ta sha yi mini ishara, ni kuma kullum a gajiye nake, ina cewa gobe.

Abu na bakwai, a fara da kaɗan. Mun koya tun a Islamiyya cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko ƙanƙane ne, ya fi wanda aka yi da yawa aka watsar. Izu biyu a rana ya gagare ni, amma shafi biyu bayan asuba bai gagare ni ba, yau shekaru ke nan. Darasin kowane dare ya gagare ni, amma na Talata da Alhamis tsakanin magariba da lisha ya zauna. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na takwas, a koyi cewa a'a, a kuma koyi wakiltawa. Da yawanmu in an gayyace mu sai mu ce in Allah ya yarda, alhali mun san ba za mu je ba. Wannan kalma ba mafakar saɓa alkawari ba ce. Gara ka ce, ɗan'uwa, ranar nan ba zan samu dama ba, amma ga gudummawata. Zai ji zafi na minti ɗaya, amma zai san maganarka magana ce. Sannan wanda shekara goma yana da yaro a rumfa amma bai iya bar masa ita na awa uku ba, to laifin ba na yaron ba ne. Mu ma wani ne ya yarda da mu ya bar mana.

Bari in gaya muku yadda nawa makon yake yanzu, ba don a kwafa ba, don na ɗan canji da na mahauci ba za su zo ɗaya da na ɗan gwari ba. Asabar kasuwa ce tun safe har yamma, don ranar ma'aikata ke sayayya, ba na sa mata komai. Lahadi da safe ciniki yana da sanyi, masu saye da yawa suna coci, sai in bar yaro a rumfa in zauna gida: in duba littattafan yara, in ji haddarsu, mu ci abinci tare. Da yamma zumunci ko taron ƙungiya. Litinin banki da bin bashi. Talata kasuwa, da magariba darasi. Laraba ina waya da mutanena na Arewa a kan lodi, yammarta kuma ita ce filin da na bari. Alhamis da safe, in an gama share rumfa, kafin goma ta yi ina zaune da littafin lissafi, sau ɗaya a wata kuma in je a auna jinina. Juma'a ƙarfe sha biyu na bar rumfa, bayan masallaci in gai da marasa lafiya. Bayan lisha kuma in ɗauki minti goma sha biyar in duba makon da ya wuce, in rubuta na gaba a bayan littafin bashi. Ba kowane mako yake tafiya haka ba. Daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da tumatirin rani ke sauka, sai in rage komai in bar turaku kawai. Da azumi ma tsarin dabam ne. In rana ɗaya ta rushe, ba na yaga takarda kamar da, washegari sai in ɗora daga inda aka tsaya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma Larabar da ta ɓaci ba ta hana a gyara Alhamis.

Yaron nan da na ba ku labari, Alhamdu lillahi, ya gama sakandare, ya sauke Alƙur'ani, yau shi ke riƙe mini littafi. Ba duka ne ya dawo da shi ba, safiyar Lahadin nan ce.

A ƙarshe, Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga ƙungiya. Takardar gayyata takan ce ƙarfe huɗu bayan la'asar, ba ma farawa sai biyar da rabi. In mutum 40 suka zauna jiran awa ɗaya da rabi, awa 60 aka ƙone, daidai da zaman kasuwar mutum ɗaya na mako guda. Ba wanda zai yarda a ɗebi cinikinsa na mako a watsar, to don me za mu yarda da wannan? Ina ba da shawara daga wata mai zuwa a fara a kan lokaci ko da mutum goma ne, a tashi kafin magariba. Kowa kuma ya zo da lissafin makonsa guda, ko a bayan kwalin sukari ne, mu gani ina awa 24 ɗinmu take tafiya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah ya sa albarka a lokacinmu da nemanmu, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gida da alheri.